Kurakuran da iyalai baƙi suka fi yi a fitar yini guda zuwa duwatsun Ɗa'ifa

Duk iyalin da suka daɗe da zama a Jidda ko Makka, ko aiki ne ya kawo su ko karatu ko kasuwanci, ba za su rasa ranar da za su ɗebi yara su nufi Ɗa'ifa domin shan iska ba, musamman idan zafi ya tsananta. Tafiyar ba ta da nisa, domin daga Makka ba ta kai kilomita 100 ba, kuma wannan kusancin shi ne yake ruɗin mutane, har su ɗauki fitar tamkar zuwa wata unguwa a cikin gari. Alhali Makka tana kan tsayin da bai wuce mita 300 daga doron teku ba, Ɗa'ifa kuwa ta haura mita 1,800, yankunan Hada da Shafa ma sun fi ta tsawo. Galibin matsalolin da ake gamuwa da su daga rashin lura da wannan bambanci suke tasowa.

Kuskuren da ya fi kowanne hatsari yana faruwa ne a lokacin dawowa, lokacin da kowa ya gaji, hankali kuma ya kwanta cewa an gama abin da aka zo yi. Hanyar Hada, wadda ita ce mafi kusa kuma mafi kyan gani, tana gangarowa ne daga saman dutse cikin kwanoni masu yawa da suke bin juna, kuma direban da ya saba da shimfiɗaɗɗun titunan Jidda yakan ɗora ƙafarsa a kan birki tun daga sama ya ƙi ɗagawa. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wani bakanike: birkin yana ɗaukar zafi fiye da kima, mansa yana iya tafasa, sai direba ya ji warin ƙuna, ya taka ya ji ƙafarsa tana nutsewa ba tare da motar ta rage gudu yadda ya kamata ba. Gyaran wannan shi ne a bar injin ya riƙe motar. Mai motar da ake sauya wa giya da hannu ya sauko a giya ta biyu ko ta uku, mai otomatik kuma ya mayar da ita ƙaramar giya tun kafin gangarar ta fara, ya riƙa taka birki da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci yana sakewa, maimakon ya riƙe shi a hankali ba yankewa. Ƙarar da injin zai yi a wannan hali ba alamar lalacewa ba ce, aikinsa yake yi. Ɗabi'ar sa mota a firi domin tsimin mai kuwa, wadda wasu direbobinmu suka taso da ita tun daga gida, ba ta da gurbi a kan wannan hanya ko kaɗan, domin tana ɗora wa birki nauyin motar gaba ɗaya. Idan aka ji warin ƙuna, a nemi wurin tsayawa da aka tanada a gefen hanya, a jira birkin ya huce da kansa, kada a watsa masa ruwa.

Hawan ma yana da nasa. Iska tana ƙara sauƙi yayin da ake yin sama, saboda haka injin yana rasa wani kaso na ƙarfinsa, ga mota cike da mutane da kaya, ga na'urar sanyaya iska a kunne. A duba ruwan lagireto da man birki da iskar tayoyi, har da tayar safaya, tun daren da za a tashi. Idan allurar zafi ta fara hawa, a kashe na'urar sanyi a tsaya, kuma kada wanda ya buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

Wani kuskuren da ke ɓata yinin tun kafin a fara shi ne fita ba tare da bincika halin da hanya take ciki ba. Hukumomi sukan rufe hanyar Hada idan hazo ya yi kauri ko aka yi ruwa mai ƙarfi, saboda duwatsun da ke gangarowa kan titi, wani lokacin kuma domin gyara. Wanda bai duba sanarwar hukumar kula da hanyoyi da ta hasashen yanayi ba zai iya isa gindin dutsen ya tarar an tare. Madadinta ita ce hanyar Sailul Kabir, wadda ta fi tsawo amma hawanta ya fi sauƙi, kuma a ganina ita ta fi dacewa da direban da bai taɓa hawa dutse da iyali ba, ko kuma wanda dare ya riske shi. Masu tasowa daga Jidda su tuna cewa hanyar da aka saba bi tana ratsa Makka. Idan akwai abokin tafiya wanda ba Musulmi ba, dole ne a bi hanyar da ta zagaye garin, haka kuma idan lokacin Hajji ya gabato akan hana baƙi mazauna ƙasar shiga Makka sai da takardar izini. Igamar kowa, wato takardar izinin zama a ƙasar, har ta yara, ta kasance a hannu, domin akwai shingayen bincike.

Sai batun sutura, wanda iyaye suka fi rainawa. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, wato tsakanin Makka da saman Shafa ana iya samun bambancin digiri 10 ko fiye, ban da iska. Yaron da ya bar gida da 'yar riga mara hannu yana gumi, idan la'asar ta yi a kan dutse sai ka gan shi ya ƙanƙame jiki, leɓɓansa sun bushe, yana neman a koma mota. Rigar sanyi ga kowa da bargo guda sun wadatar a lokacin bazara, a lokacin hunturu kuwa sai an ƙara da hula da safa. Sanyin kuma yana ɓoye ƙishirwa, don haka a riƙa ba yara ruwa ko ba su nema ba. Haka nan ba dabara ba ce a cika musu ciki da abinci mai maiƙo gab da shiga kwanonin Hada, ko a miƙa musu waya su duƙufa a kanta, domin daga nan jiri da amai suke farawa. Su ci abu mara nauyi, su riƙa kallon gaba, kowa da bel ɗinsa a ɗaure, ƙanana kuma a kujerar baya.

Biran da ke zaune a gefen hanyar Hada da wuraren hutawa sun cancanci a tsaya a kansu, domin nan ne tausayi da sha'awa suke jawo rauni. Manyan birai ne da ke yawo garke-garke, kuma yawan jefa musu abinci da matafiya ke yi ya cire musu tsoron mutum. Da zarar mota ta tsaya sai su kewaye ta, babban namijin ya haye kan bonet, wani ya zura hannu ta tagar da aka bari a buɗe ya fizge leda daga cinyar yaro kafin uwarsa ta juyo. Haƙoransu dogaye ne, cizonsu kuma yana buƙatar asibiti nan take saboda cututtukan da ake iya ɗauka. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta sha gargaɗi a kan ciyar da su. A kalle su gilashi a rufe, kada a ci abinci a inda suke, kada kuma a tsayar da mota a tsakiyar kwana domin ɗaukar hotonsu, alhali na baya ba ya hango abin da ke gabansa.

Wurin shimfiɗa tabarma shi ma akan yi kuskure wajen zaɓarsa. Ƙasan kwari yana da inuwa da yashi mai laushi, saboda haka ido ke fara kaiwa can, amma wannan yashin ruwa ne ya kawo shi. Ƙasar duwatsu ba ta shan ruwa, don haka ruwan da aka yi a wani tsauni mai nisa yana iya isowa kwarin da ƙarfi alhali sama tana garau a inda ake zaune. Ambaliyar Jidda ta watan Nuwamban 2009, wadda ta hallaka mutum fiye da 100, ta isa ta nuna abin da ruwa ke yi a wannan yanki. A zauna a tudu, a ajiye mota a tudu, idan kuma aka tarar ruwa yana ratsa hanya a jira ya wuce. Lambar gaggawa a yankin Makka ita ce 911, kuma ya kamata manyan yara su san ta.

Akwai kuma masu son su ga komai a yini ɗaya: motar da ke tafiya a kan waya tsakanin Hada da ƙauyen Kar, da masallacin Abdullahi ɗan Abbas a tsakiyar gari, da fadar Shubra, da gonakin Shafa, da kasuwar rumman da inabi da zuma. Ƙarshenta sai a ƙare yinin a cikin mota. Wuri biyu sun isa, kuma a fito da sassafe, domin ranakun Juma'a da Asabar hanyar tana cika da yamma. Wanda furen wardi ya kawo shi ya sani cewa kakarsa tana faɗowa ne a watannin Maris da Afrilu, kuma da sanyin safiya ake tsinkarsa a kai inda ake tatsar ruwansa da turarensa. A gonaki da wuraren shaƙatawa a kiyaye ɗaukar hoton iyalan mutane, domin dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har na shekara guda ko tara har ta riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya.

Ga waɗanda suka yi niyyar haɗa fitar da Umara a hanyar dawowa, kuskuren da ake yawan yi shi ne wuce miƙati ba harami. Mai saukowa ta Sailul Kabir miƙatinsa yana nan, wato Ƙarnul Manazil, mai bin hanyar Hada kuma zai ɗaura haraminsa a Wadi Muhrim, tun a saman dutse kafin gangara ta fara. Saboda haka a sa kayan harami a mota tun daga gida, a kuma tsara lokaci yadda za a yi wanka da niyya a sauko da sauran hasken rana, direban bai kai ga gajiya ba.