Yadda na gyara fetur da ke shiga baƙin mai

Alhamdulillah, tsohuwar Peugeot 504 ɗina ta huta, ni ma na huta. A da, baƙin mai sai ƙaruwa yake yi. In na zaro sandar awo, ya tsinke kamar ruwa, ga warin fetur. Na wanke kafireto, na canza fulogi, a banza. Wani bakanike a Gombe har cewa ya yi a sauke inji!

Ashe famfon fetur ne na jikin injin. Na cire tiyo biyun, na kwance notina, na buɗe shi: robar ciki ta tsage, ta nan fetur ke gangarawa. Na ɗaura sabo, na juye man tun inji na da ɗumi, na canza filta, na zuba sabon baƙin mai 20W-50 lita 4. Na je Kumo na dawo, awo bai motsa ba.