Bulon daɓe a kan tsohon kankare: kurakuran da ke kwantar da ruwa a tsakar gida

Tsakar gidan kawuna da ke Aboabo, nan Kumasi, tsohon kankare ne da shekaru suka cinye. Nan tudu, can kwari, ga tsaga ta taso daga ƙofar kicin har gindin famfo. Aka kira wani magini ya baza yashi a kai, ya jera bulon nan mai sarƙe juna, ja da ruwan toka, kwana uku ya gama. Da rani abin gwanin sha'awa. Ruwan watan Yuni na sauka, tsakar gida ta fara rawa. Ka taka bulo kusa da famfo, ruwan laka ya tsarto maka a ƙafar wando. Matar kawu ta daina ajiye turmi a wurin, domin kowane bugun taɓarya sai bulon ya nutse.

Kawu ya aiko aka kira ni, ya ce, "Ɗana, kai ka san aikin nan, duba mini." Na sa bakin cokalin gini na ɗago bulo ɗaya. Yashin da ke ƙasa ya zama kamar kunu, ga wari.

Babban kuskuren shi ne a ɗauka ruwa a saman bulo kaɗai yake gudu. Tsakanin kowane bulo da ɗan'uwansa akwai kafa, ta nan wani ruwan ke tsiyaya ƙasa. In a kan ƙasa aka shimfiɗa bulon, ƙasa za ta sha. Kankare kuwa ba ya sha. Ruwan ya bi tsohon kwarin ya kwanta, yashi ya jiƙe ya rasa ƙarfi, kowane taku ya riƙa matso shi waje. Don haka hanya biyu ake yi wa ruwa: ta sama, da ta ƙarƙashin bulo. Yawancin masu aiki ta saman kawai suke tunawa.

Kuma ruwan ba kaɗan ba ne. Kumasi na samun wajen milimita 1,400 a shekara, damina biyu, babbar daga Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Tsakar gida mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka yi ruwan milimita 30, ta karɓi lita 3,000 ke nan, wato jarkar nan mai lita 25 da muke kira galan Kufuor har guda 120. Ban ma sa wanda ke kwararowa daga kwanon rufi ba, ban sa na alwala da wanki da wanke-wanke da gidan haya ke zubarwa kullum ba.

Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, jira a yi ruwa, ko ka kwara bokitai. Ɗauki gawayi ka zagaye duk inda ruwa ya tsaya. Sannan ka bi kankaren da guduma kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi amon ganga, ƙarƙashinsa rami ne, sai an fasa an cike an danne. Wanda ke motsi in an taka gefensa shi ma fasawa ne. Ɗora sabon bulo a kansa asarar kuɗi ce.

Daga nan sai kuskuren da na fi gani, wanda kuma ya fi ɓata mini rai, don ganganci ne: cike kwari da yashi. Magini zai ce maka, "Alhaji, kada ka damu, yashi zai daidaita." Ran farko zai daidaita. Amma inda yashi ya kai santimita 8 ya fi lotsawa a kan inda yake santimita 2, bayan 'yan watanni sai saman bulon ya kwaikwayi tsohon kankaren sak, tudunsa da kwarinsa. Kankaren ake gyarawa. A sassaƙe tudun da kurfi ko injin gurza. A wanke kwarin tas, a jiƙa, a shafa ruwan siminti don sabo ya kama tsoho, a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku. In zurfin ya wuce santimita 5, a sa ƙananan tsakuwa a kwaɓin. A riƙa yayyafa masa ruwa na 'yan kwanaki kafin a hau. Bayan haka ne yashin shimfiɗa zai zo da kauri ɗaya ko'ina, kamar santimita 3. Kafa bututu biyu masu kauri ɗaya a ƙasa, ja katako a kansu, kada kowa ya taka har a jera.

Gangare kuma ba da ido ake auna shi ba. Santimita 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa rariya. In tsakanin ƙofar ɗaki da rariya mita 6 ne, bambancin santimita 12 ne. Siririn tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa, da igiya da ƙusa, sun isa. Sa alama a bango, ɗaure igiya, bi ta. Muhimmi shi ne gangaren ya kasance a jikin kankaren kansa, ba a saman bulo kaɗai ba, domin ruwan ƙasa kankaren yake bi.

To ina zai fita? Wasu sukan huda kankaren a wuraren da suka fi kwari, huji mai faɗin santimita 5, su cika da tsakuwa, su rufe da ƙyallen tace ruwa don kada yashi ya zurare. Dabara ce mai kyau in ƙasar da ke ƙasa tana shan ruwa. Jar ƙasarmu mai yumɓu ba ko'ina take sha ba. Gwada: huda ɗaya, cika da ruwa da safe. In la'asar ta yi yana nan, huji ba zai fisshe ka ba. Sai a yanka ɗan lambatu a jikin kankaren ta layin da ya fi ƙasa, a kwantar da bututu mai huji-huji, a lulluɓe da tsakuwa da ƙyalle, a kai bakinsa gota. Haka dakalin da ke tokare bulon ta gefe: a bar masa kafofi daga ƙasa. Na sha ganin an zagaye tsakar gida da dakali ba kafa ko ɗaya, aka mai da ita baho.

Dakalin nan dole ne. Ba shi, bulon baki zai riƙa zamewa, saura su biyo.

Akwai lissafin da ake mantawa sai ran da aka gama. Bulo mai kaurin santimita 6 da yashi 3, tsakar gida ta tashi da santimita 9. Je ka auna dokin ƙofar kowane ɗaki, da ƙasan get, da bakin rariya. A gidan kawu tsohuwar rariyar bango ta nutse rabi a ƙarƙashin sabon daɓen, ɗakin wata dattijuwa mai haya kuma ya koma ƙasa da tsakar gida. Da dare ruwa ya shigar mata har ƙarƙashin katifa. Abin da ake so, saman bulo ya kasance ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15, don kada danshi ya hau gindin bango. In lissafi bai ba da haka ba, a fasa kankaren da ke jikin ɗakunan a saukar da shi, ko a haƙura da bulo a nan. Kada kuma a binne murfin masai, ranar kwashewa na zuwa.

A zango gida manne yake da gida. Duk inda ka nufa da bakin bututunka, tabbatar gota zai faɗa, ba lungu ko gindin bangon maƙwabci ba. Sa raga a baki ta tare leda da ɓawon rogo. Wanda ya taɓa ganin rafin Aboabo ya cika ya san inda ledar nan ke ƙarewa.

Kan yashi: mai kaifi, wankakke. Garin dutse na wurin fasa duwatsu ya fi sauƙin samu, maginanmu na son sa, amma in ƙurarsa ta yi yawa yana riƙe ruwa, a kan kankare kuwa wannan ne abin gudu. Bulo kuma, santimita 6 na tafiyar ƙafa ne. In mota ko aboboya (babur mai ƙafa uku na dakon kaya) za ta shigo, nemi mai 8. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, saboda haka kada ka karɓi bulon da aka buga shekaranjiya. Karce shi da ƙusa, in yana zubar da gari bar musu kayansu. Araha ba ta ado. Bulo mai tsawon santimita 20 da faɗin 10, guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya, ka ƙara kaɗan saboda yanka.

Wasu masu gida kan sa a zuba siminti a toshe tsakanin bulo da bulo don hana ciyawa. Tsagewa zai yi, ruwa ya shiga ta tsagar, kuma ranar da bututun famfo ya fashe sai an farfasa. Busasshen yashi mai laushi ake sharewa a ciki. A bi da injin dannawa, a ƙara yashi, a sake dannawa, bayan ruwa biyu ko uku a sake cikawa.

A gidan kawu mun kwashe bulon duka muka jibge a zaure, mun zubar da ruɓaɓɓen yashin, mun cike kwari uku, mun yanka lambatu daga gindin famfo zuwa gota, mun saukar da kankaren da ke ƙofar ɗakin dattijuwar. Kafin mu mayar da bulo ko ɗaya na ce yara su kwara bokiti goma a kan kankaren tsirara. Kawu na tsaye da butarsa yana kallo har ruwan ya fice ta rariya, sannan ya ce a kawo yashi.