Yadda ƙungiyar unguwa za ta kai kukanta ga hukuma har a saurare ta

Ƙungiyoyin ci gaban unguwa da dama a Zariya ba sa cika shekara, kuma kusan hanya ɗaya suke bi su mutu. A taru ranar Lahadi a makarantar firamare, a zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a buga riguna, sannan a rubuta wa gwamna doguwar takarda mai ɗauke da duk matsalolin unguwa. Shiru. Bayan 'yan watanni sai a fara raɗe-raɗin cewa an sayi shugaba. Sau da yawa babu wanda ya saye shi, takardar ce ta tafi inda ba ta da mai ita.

Ku fara da zaɓen buƙata guda. Kwalbatin da ke ambaliya duk damina, ko rufin asibitin unguwa, ko kuɗin da ake karɓa a kasuwa ba rasit. Ɗaya tak. Dattawa za su so a haɗa da ruwa da wuta da aikin yi ga matasa; ku ba su haƙuri, a rubuta sauran a littafi, a jira.

Daga nan sai matakin da ya fi kayar da mutane, wato gano wanda abin ke wuyansa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kwashe shara da magudanan ruwa. To mutumin Samaru ko Muciya, ƙaramar hukumar Sabon Gari ce tasa, na Tudun Wada da cikin birni kuwa ta Zariya. Ruwan famfo na gwamnatin jiha ne. Babban titin Kaduna zuwa Kano na tarayya ne, duk ihun da za ku yi wa kansila a kansa ɓata murya ne. Kuma a cikin hukumar ma akwai sashe: maganar kwalbati ta sashen ayyuka ce, ta asibiti ta sashen lafiya. Ku nemi tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya, ba unguwar da ba ta da irinsu, ku zauna da shi ya faɗa muku teburin da fayil ke fara sauka da wanda yake kwana a kai. Wannan zaman ya fi taro goma amfani.

Ku haɗa hujja: hotuna masu kwanan wata, sunayen gidajen da ruwa ya shiga, rasit idan maganar haraji ce. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, kuma ni dai ba na yarda a sa kirari ko zagi a ciki. Ku bi ta wajen mai unguwa da dagaci su sa hannu. Wasu matasa na ganin wannan ɓata lokaci ne, amma a ƙasar Zazzau takardar da ta tsallake masu sarauta takan dawo baya, domin su za a fara tambaya.

Ranar kai wa, ku tafi da kwafi biyu. A buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ku dawo da shi. In ba hatimi, gobe za a ce ba a ga takardarku ba, kuma ba ku da bakin magana. Kuɗin fotokwafi da na Keke ne kawai, kada ku yi rowarsa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ana shirya kasafin shekara mai zuwa tun kafin ƙarshen wannan, don haka buƙatar da ta zo a Janairu ta makara. Jihar Kaduna ta shiga shirin buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP a 2018, kuma tana da tsarin da al'umma ke jera buƙatunsu don a duba su wajen kasafi. Ku tambayi kansilanku lokacin da ake tattara na mazaɓarku, ku tabbata kuna wurin. Idan aikin ya shiga kasafi amma ba ku gan shi a ƙasa ba, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce.

Mutum biyu za a ɗora wa bibiya, su riƙa leƙawa duk mako biyu, su kawo rahoto a taro. Kuɗin ƙungiya kuma a asusun banki, da sa hannun mutum biyu aƙalla, a karanta shiga da fita a gaban kowa duk wata. Kada ku karɓi kyautar ɗan takara, ko da kujerun taro ne.

Rajista da CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, za ta iya jira sai kun ga ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta. Akwai kuɗin buga sanarwa a jaridu biyu da jiran kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan rajistar da bankuna ke nema ta SCUML, wato sashen yaƙi da halatta kuɗin haram. Kafin nan rajistar ƙaramar hukuma ta isa ku fara aiki.