Yadda za ka tsallake rafi da babban babur ba ka lalata inji ba, ba ka karya ƙafa ba

Abin yakan fara ne da wata 'yar hanya da ta ɓalle daga kwalta, ka gaji da miƙaƙƙen titi sai ka hango ta ta yi cikin daji, ka ce bari dai in leƙa in ga ina ta nufa, kana tafe iska na kaɗa ka kana jin kanka wani jarumi, can sai hanyar ta gangara ta nutse cikin ruwa ta ɓullo ta wancan gefen. To ɗan'uwa a nan wurin ake yin ta. Idonka zai ce maka ai ruwan bai kai komai ba, ga sawun taya ma wasu sun wuce, zuciya kuma ta ce yanzu duk nisan nan da na yi sai in juya? Ni dai abin da zan fara faɗa maka shi ne ka taka birki, ka kafe mashin a busasshen wuri, ka kashe shi ka sauko.

Ka tuna me kake hawa tukuna. Honda Gold Wing na zamanin nan nauyinta ya kusa kilo 380, kuma tsakanin cikinta da ƙasa santimita 13 ne kacal, don kwalta aka yi ta. BMW R 1250 GS da ake ta nunawa a bidiyo tana fasa ruwa, ita ma kilo 249 ce in tanki a cike yake, kafin ka ɗora akwatuna da tanti da mutum a baya. Africa Twin ta ɗan fi su dacewa da daji saboda tayar gabanta inci 21 ce kuma cikinta ya ɗaga santimita 25, amma duk da haka ba ƙaramin babur ba ce da za ka ciccibe da hannu ɗaya in ta kwanta. Masu bidiyon nan kuma akwai mutum uku huɗu a bayan kyamara da za su taya su ɗagawa, kai kuwa daga kai sai halinka.

Shiga ruwan da ƙafa, wannan shi ne aikin gaba ɗaya, sauran duk cikon magana ne. Da takalminka za ka shiga, kar ka cire, gara ka wuni da jiƙaƙƙiyar safa da ka taka fasasshiyar kwalba ko dutse mai kaifi a inda babu asibiti. Ka samu sanda kana dogarawa kana caka gabanka, ka bi daidai layin da tayarka za ta bi, ka je ka dawo, in da hali ka dawo ta wani layin daban don ka gwada wanne ya fi. Abin da kake nema ba zurfi kaɗai ba ne, ƙasan ruwan kake karantawa da tafin ƙafa: tsakuwa ƙanana masu tauri su ne suka fi, yashi yana zarewa a ƙarƙashin taya, laka tana riƙe ta, manyan duwatsu masu mulmule kuma su suke fizge kan mashin daga hannunka. Ka kula da ramin da motoci suka haƙa da tayoyinsu, yawanci tsakiya ko dab da bakin fita yake, kuma ba a ganinsa daga gaɓa. Sannan wurin da ruwa ya yi luf babu motsi ya yi duhu, sau da yawa nan ne mai zurfin, inda yake ɗan tsalle-tsalle a kan tsakuwa ya baje da faɗi shi ne mara zurfi.

In kana tafiya ka ji ruwan yana ture maka ƙafa har sai ka daddage kafin ka tsaya daidai, magana ta ƙare, juya. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci. Mota kenan mai ƙafa huɗu. Kuma ƙarfin turin ruwa ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba, in gudun ya ninka biyu turin ninkawa huɗu yake yi, ga shi babur mai robobi da akwatuna ta gefe kamar allo yake, duk faɗin nan ruwa zai samu ya tura. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. In ka ga ya yi ja ko ya yi kalar ƙasa yana ɗauke da ganye da itace, to sama ta zubar a wani wuri ko da kai rana kake gani tarwai, kuma yana iya ƙaruwa cikin mintuna, ka kafa ɗan tsinke a bakin ruwan kafin ka shiga, in ka dawo ka tarar ruwa ya hau shi ka san amsar. A ƙasashen da ƙanƙarar kan duwatsu ke narkewa tana cika rafuka, mashigin da ka bi da sassafe lafiya lau da yamma sai ka tarar ya zama wani abu daban, don haka ka tambayi kanka ta ina zan dawo.

Wanda ya fi kayar da mutane kuwa wallahi ba mai zurfin ba ne. Irin mashigin nan da aka dafe da siminti ruwa yana bi ta kai siriri, bai ma rufe idon sawu ba, shi ne mugun. Ni a irinsa na sha ƙasa. Na gan shi fes, ana hango simintin, ban ko sauka ba na shiga a giya biyu, tayar gaba tana taɓa tsakiya sai kawai na ji mashin ya bar ƙarƙashina, babu gargaɗi babu komai, na tsinci kaina a zaune cikin ruwa madubi ɗaya yana lilo. Da na miƙe ma sai da na sake zamewa. Na shafa simintin da hannu, wata gansakuka ce koriya mai yauƙi kamar an shafa sabulu. A irin wannan wurin ba birki, ba ƙara wuta, ba karkata kai, ka bi sawun da tayoyin mota suka goge in akwai shi, mashin a miƙe sak, ƙafafu a ƙasa ma ba laifi ba ne a nan.

Sai maganar inji, wadda ita ce mai tsadar. Tun a gida ka nemo inda mashin ɗinka yake shaƙar iska, wasu ƙarƙashin siti ne, wasu ƙarƙashin tanki, wasu ta gaba gefen fitila, ka auna tsayinsa da jikinka ka riƙe, misali daidai gwiwa ko cinya, saboda in kana cikin ruwa da ƙafa jikinka ne ma'auninka. Dalili kuwa iska tana matsuwa amma ruwa ba ya matsuwa, in inji ya zuƙi ruwa ya shiga silinda fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya danƙaruwa, sai sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta fasa jikin injin. Ruwan da bai kai rabin kofi ba ya isa ya yi wannan ɓarnar. Ni ƙa'idata ruwan da ya wuce tsakiyar taya, wato daidai gindin da take juyawa a kai, ba na shiga da babur mai nauyi in ba dole ba, don tun daga nan ruwa ya fara samun boris da wayoyi.

To ka duba komai ya yi, za ka shiga. Wanda ka goyo ya sauka ya tsallaka da ƙafa, akwatunan gefe ma in suna cirewa ka cire ka kai su da hannu, eh wahala ce, amma nauyi ya ragu kuma waya da takardu sun tsira, ga wani abu da mutane ba sa tunawa: in ka sa ƙafa a ƙasa mashin yana tafiya, akwatin ƙarfen nan na baya yana iya cim ma ƙafar ya danne ta da dutse, karayar ƙwauri da yawa haka take faruwa. Giya ɗaya, wuta a tsaye ba ka ƙarawa ba ka ragewa, yatsu biyu a kan kuloci kana sarrafa gudu da shi, tafiya kamar ta mai sauri da ƙafa. Kar ka shigo a guje don ka watsa ruwa a ɗauke ka hoto, ruwan da ka tura gaba shi zai taso ya dawo maka cikin maƙogwaron inji. Idonka a kan inda za ka fita, in ka kalli dutsen da kake tsoro to kansa za ka je. Ka shiga ta ɗan sama da inda kake son fita saboda ruwan zai matsar da kai ƙasa ko ba ka so. Masu ƙwarewa suna tsayawa a kan matakan ƙafa don mashin ya samu ya yi rawarsa a ƙarƙashinsu, amma in ba ka saba ba ba a tsakiyar rafi ake koyo ba, zauna abinka. In kuma ka zaɓi ka tura shi kana gefe inji na aiki, ka tsaya ta ɓangaren da ruwa yake tahowa, yadda in ya faɗi zai faɗi can ne ba a kanka ba.

In ka ji zai tafi, babu cetowa, yatsanka ya riga komai zuwa kan jan makunnin nan na kashe inji. Mashinan zamani suna da na'urar da ke kashe su in sun kwanta amma kar ka jira ta. Kuma in ya kwanta cikin ruwa ko ya mutu da kansa salansa a nutse, don Allah kar ka danna sitata don ka gani ko zai tashi, wannan dannawar ita ke lanƙwasa ƙarfen. Fito da shi tudu tukuna. Wurin ɗagawa sa shi a giya, in ta dama ya faɗi ka fara buɗe jak ɗin gefe don kar ka ɗaga ya zarce ɗaya ɓangaren, ka juya masa baya ka manna ƙugunka da siti, hannu ɗaya riƙe da kan mashin, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da cinyoyi kana ja da baya kaɗan-kaɗan, ba da gadon baya ba. Daga nan ka buɗe akwatin matatar iska ka zubar da ruwa, ka cire fulogi duka, sannan ka danna sitata, za ka ga ruwa yana feshi ta ramukan kamar famfo, ka ci gaba har ya daina, ka goge fulogin ka mayar. Duba baƙin mai, in ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara ruwa ya shiga, yana buƙatar juye, wani lokaci sau biyu ko uku kafin ya washe. A nan za ka gane ko kana da sifanar fulogi a jaka, kuma a wasu manyan mashinan sai ka kwance robobi rututu kafin ka kai ga matatar, Gold Wing kuma silinda 6 gare ta, ka lissafa.

Ko ka tsallake lafiya, ka ɗan riƙa taɓa birki a hankali na 'yan mitoci har ya bushe, musamman mai ganga. In ka isa masauki ka sa wa sarƙa mai, mai shaf kuma, wato sandar ƙarfe da ke juya tayar baya a madadin sarƙa, ya duba man giyar baya, don ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana iya zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinsa, shi ya sa ma mintunan da ka ɓata kana auna ruwa da ƙafa sun yi wa mashin amfani, ya huce.

Ita kanta hanyar dajin kafin ka kai ga ruwa tana da nata. Birkin ABS mai hana taya kullewa, wanda ke cetonka a kwalta, a kan tsakuwa tsawaita tsayawa yake yi, in naka yana bari a kashe na baya ka koyi yadda ake yi tun kafin ka fito. Yashi mai zurfi ka mayar da nauyinka baya ka saki hannu kaɗan ka bar kan ya yi wasansa, kar ka yanke wuta farat ɗaya. Taɓo mai danƙo yana cushewa tsakanin tayar gaba da madigadi har taya ta daina juyawa, sai ka sauka da tsinke kana ƙwaƙulewa. Rage iskar taya kaɗan yana taimakawa amma in ka zarce dutse zai lotsa rim, kuma sai kana da famfon da za ka mayar in ka hau kwalta. Kowace kwana ka ɗauka akwai babbar mota ko dabba a bayanta. Kar ka kafe mashin mai zafi cikin busasshiyar ciyawa, salansa tana tada gobara. In ka ga ƙofa ko shinge to filin wani ne. Gangara mai tsayi kuma kafin ka sauka ka tambayi kanka ko akwai wurin juyawa a ƙasa, don juya kilo 300 a siririyar hanya mai gangare ba wasa ba ne.

Taswirar waya tana nuna layi ne kawai, ba ta san gada ta karye bara ba, ka sauke ta a waya tun kana da sabis. Mai kuma mashin ya fi shansa a ƙananan giya, ni kashi uku nake raba tanki, ɗaya na shiga, ɗaya na dawowa, ɗaya ban taɓa shi. Ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da in bai ji ka ba ya fara nema. In kana yawan shiga inda babu sabis, akwai ƙananan na'urori irin Garmin inReach da ke tura saƙo ta tauraron ɗan'adam, iPhone ma daga 14 da ta fito a 2022 tana iya neman agaji ta haka, sai dai ba a kowace ƙasa yake aiki ba, ka bincika tukuna. Ko wacce ce ka sa ta a aljihun rigarka cikin leda mai zif, ba a jakar tanki ba, don in mashin ya kwanta a tsakiyar rafi kai kana gaɓa da ƙafa ɗaya, jakar tana can tare da shi.