Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Ɗauki Nauyin Tseren Keke, 'Yan Tsere da Ayyukan Agaji

Tseren keke wasa ne da ba shi da ƙofar shiga. A kan titi ake yin sa, mai kallo kuma yakan tsaya a bakin hanya ya sha kallo ba tare da ya yanki tikiti ba, saboda haka tun asalinsa kuɗin 'yan kasuwa ne ke riƙe da shi. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro gasar Tour de France a 1903 domin ta ƙara yawan masu sayenta, haka kuma jaridar La Gazzetta dello Sport ta yi a Italiya da ta fara gasar Giro d'Italia a 1909. A 1954 ɗan tseren Italiya Fiorenzo Magni ya shawo kan kamfanin man shafawa na Nivea ya sa sunansa a rigar ƙungiyarsa, daga nan ƙofa ta buɗe wa kamfanonin da ba su da alaƙa da sana'ar keke. Sai dai abin da babban kamfani yake saya shi ne sa'o'in talabijin, alhali ƙaramar gasa ba ta da wannan. Abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai samu shi ne mutanen da suka zo filin da ƙafarsu, da iyalan 'yan tsere, da masu aikin sa kai, kuma a kan waɗannan mutane ne ya kamata ya gina dukkan shirinsa.

Kafin ka yi magana da kowa, ka zauna ka rubuta dalilin da ya sa kake son fitar da kuɗin. Wanda yake neman sababbin abokan ciniki ba zai zaɓi abu ɗaya da wanda yake son ya taimaki wani matashi mai hazaƙa ba, wanda kuma zuciyarsa ke kan tara wa marasa lafiya kuɗi yana da tasa hanyar daban. Bayan dalili sai adadi, kuma ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ka ware abin da za ka iya maimaitawa shekara uku a jere ko da kasuwa ta yi sanyi, domin babban tallafi na shekara ɗaya yakan kumbura gasar, a ƙara kyaututtuka, a ɗauki alkawura, sannan shekara ta zagayo a rasa mai cike gurbin. Ko manyan ƙungiyoyi ba su tsira daga wannan ba: HTC-Highroad, wadda take cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa cin tsere a zamaninta, ta rushe a ƙarshen 2011 saboda an rasa wanda zai ci gaba da ɗaukar nauyinta. Kada kuma ka miƙa wa masu shirya gasa duk abin da ka ware. Ka riƙe wani kaso domin allon tallanka, da mai ɗaukar hoto, da ladan ma'aikatanka da za su yini a filin.

Irin tseren da za ka zaɓa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A tseren dogon zango, daga wannan gari zuwa wancan, ayarin 'yan tsere yakan wuce mai kallo cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan kallo ya ƙare. A tseren zagaye kuwa, inda ake rufe titi mai tsawon kilomita ɗaya ko biyu ana kewaya shi har kusan sa'a guda, mahayan sukan dawo gaban mutum sau da dama, jama'a sukan taru wuri ɗaya, mai lasifika kuma yana da lokacin ambaton sunanka. Wannan ne ya fi dacewa da ƙaramin jari. Tseren yara ma abin dubawa ne, tunda kowane yaro da iyayensa yake zuwa, kuɗinsa kuma ba shi da yawa.

Idan ka zaɓi gasar, ka nemi a nuna maka kasafin kuɗinta a rubuce, kuma a nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Za ka tarar cewa kyautar zakara ƙaramin abu ce a cikin lissafin. Akwai kuɗin izinin rufe hanya, da inshora, da motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatanta, da shingen da ake kafawa a layin ƙarshe, da abin da ake jingina wa turakun lantarki a kwana domin kada wanda ya zame ya bugu da ƙarfe, da lambobin da ake maƙala wa rigunan 'yan tsere, da alƙalai, da masu tsayawa a mahaɗar hanyoyi suna tare motoci. Shawarar da ta fi amfani ita ce ka ɗauki abu ɗaya daga cikin waɗannan ka biya shi gaba ɗaya, ya zama an san naka ne. Tambarin da aka cusa a ƙasan allo tare da wasu goma sha biyar babu mai tuna shi, amma idan aka ce motar asibitin da ke tsaye a kwana ta biyu kai ne ka kawo ta, ko kuma sunanka ne a kan kowace lamba da ke bayan kowane mahayi, to duk hoton da aka ɗauka a ranar zai fito da kai. Manyan gasa ma haka suke yi: a Tour de France bankin LCL ne ke da rigar ɗorawa ta jagoran gasa, kamfanin motoci na Škoda kuma yana da koriyar riga ta mai yawan maki.

Akwai wata hanya mai sauƙin kuɗi da tseren zagaye ya shahara da ita, wato ƙaramar kyautar tsakiyar tsere. Alƙali yakan kaɗa ƙararrawa, mai lasifika ya sanar cewa duk wanda ya fara tsallake layi a zagaye na gaba ya ci kyautar da shagon wane ya bayar, nan take sai ka ga ayarin da ke tafiya a dunƙule ya miƙe kamar zare, mahaya sun tashi daga kan sirdi suna taka feda da dukkan ƙarfinsu, jama'a na ihu. Sunanka yana shiga kunnen mutane a daidai lokacin da hankalinsu ya fi tashi, kuma mahayin da ba zai taɓa cin gasar ba yakan koma gida da wani abu a hannu.

Ba dole ne tallafi ya zama tsabar kuɗi ba. Mai ɗab'i zai iya buga lambobi da takardun sanarwa, mai motar kaya ya kwashe shinge, mai gyaran keke ya kafa rumfa da famfo da kayan faci da birki, mai asibiti ya ba da ma'aikacin jinya na yini ɗaya. Abin lura kawai shi ne a ƙiyasta darajar aikin da kuɗi a rubuta, domin masu shirya gasa sukan manta da wanda ya ba da aiki idan ana jera sunayen waɗanda suka ba da kuɗi.

Kafin ka sa hannu, ka tabbatar gasar tana da amincewar hukumar tseren keke ta ƙasa, wadda ita kuma take ƙarƙashin hukumar duniya ta UCI da aka kafa a 1900. Ka ga takardar inshora da idonka, ka ga izinin rufe hanya, ka tambayi asibitin da za a kai wanda ya faɗi da nisansa daga filin. Game da hular kwano babu sassauci. UCI ta wajabta ta ga ƙwararru a 2003 bayan Andrei Kivilev na Kazakistan ya rasu sakamakon faɗuwa a gasar Paris-Nice, kuma gasar da take barin mutum ya hau ba hula ba ta cancanci sunanka ba, domin idan tsautsayi ya faru, allonka ne zai fito a hoton.

Ɗaukar nauyin ɗan tsere guda ɗaya ya fi na gasa daɗi, ya kuma fi shi haɗari, tunda sunanka ya rataya ga halin mutum ɗaya. Ka dubi ɗabi'arsa kafin sakamakonsa: ko yana zuwa atisaye a kan lokaci, yadda yake magana da alƙali idan an hukunta shi, da abin da yake wallafawa a shafukan sada zumunta. Sannan ka tambaye shi abin da ke cinye masa kuɗi. Yawanci ba sabon keke ba ne, ƙananan abubuwa ne masu ƙarewa: taya, sarƙar da ke miƙewa bayan 'yan dubban kilomita har ta cinye haƙoran giya idan ba a canza ta ba, robar birki, kuɗin rajistar gasa, lasisin shekara, da kuɗin mota da masauki. Biyan waɗannan kai tsaye ya fi miƙa kuɗi a dunƙule. Ka kuma guji ɗaure tallafin ga cin gasa kaɗai, domin matashin da ya san ba zai samu komai ba sai ya zo na ɗaya shi ne zai kutsa inda babu hanya, ko ya saurari mai tallan ƙwayar ƙara kuzari.

Komai kusancinku, ku rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce. A faɗi tsawon lokacinta, da yawan gasar da zai shiga, da izinin amfani da hotonsa a tallanka, da abin da zai faru idan ya ji rauni, wanda a ganina bai kamata ya zama dalilin yanke tallafi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma adalci ne a gaya wa mutum askin da ake so tun farko. A sa sharaɗin rabuwa idan aka kama shi da haramtattun ƙwayoyi. Kamfanin agogo na Festina ya ga sunansa ya zama sunan abin kunyar amfani da haramtattun ƙwayoyi na 1998, kamfanin kayan wasanni na Nike ya rabu da ɗan tseren Amurka Lance Armstrong kan batun ƙwayoyi a Oktoban 2012, bankin Rabobank kuma ya janye daga ƙungiyarsa a wannan watan bayan ya riƙe ta tun 1996. Idan ɗan tseren yaro ne, iyayensa ne za su sa hannu. Idan yana cikin kulob, kulob ɗin ne ke da iko da rigar, don haka da su za a fara magana. Wajen sa tambari kuwa, ka tuna cewa mahayi a sunkuye yake, ƙirjinsa ba ya bayyana sai ya ɗaga hannu a layin ƙarshe ko ya hau dandamalin karɓar kyauta, amma gefen wando da kafaɗa da ƙasan baya suna fili koyaushe. Suna gajere da manyan haruffa ya isa. Lambar waya babu mai iya karanta ta a jikin mutumin da ke gudun kilomita 40 a sa'a.

Ɓangaren agaji shi ne wanda ya fi saurin jawo wa ɗan kasuwa mutunci, shi ne kuma ya fi saurin zubar da shi. Haɗin keke da agaji abu ne da aka gwada aka ga amfaninsa. Ƙungiyar MTN-Qhubeka, ta farko mai rajista a Afirka da ta shiga Tour de France a 2015, ta ɗauki sunan gidauniyar Qhubeka da ke raba kekuna a Afirka ta Kudu, kuma a shekarar ne Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa rigar gwanin hawan dutse na wasu kwanaki, abin da ya sa sunan gidauniyar ya kai inda tallan kuɗi ba zai kai shi ba. Kai ma za ka iya yin irin wannan daidai ƙarfinka, da sharaɗin ka zaɓi gidauniya mai rajista wadda take fitar da bayanin kuɗinta, kuma kuɗin jama'a ya shiga asusunta kai tsaye ba tare da ya ratsa aljihunka ko asusun shagonka ba. Kada ka ce "wani ɓangare na ciniki" zai tafi agaji. Ka faɗi kason ƙarara, ka faɗi ranar farawa da ranar rufewa, bayan an gama kuma ka bayyana jimillar da aka tara tare da rasit. Hanya mafi tsabta ita ce kai ka ɗauki kuɗin shirya taron duka, domin a iya gaya wa masu bayarwa cewa duk abin da suka bayar zai isa ga mabuƙata. Idan kekuna za a raba, ka yi tunanin gyaransu. Ƙungiyar agaji ta World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, tana horar da masu gyara a yankunan da take rabo saboda keken da ba a samun kayan gyaransa yakan ƙare a jingine da bango. Hoton wanda aka taimaka kuwa ba a wallafa shi sai da yardarsa. A ƙasashe da yawa dokar haraji tana bambanta kuɗin talla da kyautar agaji, don haka ka tambayi akanta kafin ka rubuta su a littafi ɗaya.

Ranar gasa ka je da kanka, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Ka isa kafin a fara ka duba an kafa allonka a inda aka yi alkawari, ka ba mai lasifika sunan kasuwancinka a rubuce tare da jimla ɗaya kan abin da kake sayarwa, ka kuma miƙa kyautar da hannunka. Cikin kwana biyu ka wallafa hotunan, ka aika wa 'yan tseren nasu kyauta, tunda su ne za su yaɗa su. Domin sanin ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ka ba wanda ya zo da lambar tserensa ɗan rangwame na wata ɗaya, ka kuma sa ma'aikatanka su riƙa tambayar sabon abokin ciniki inda ya ji labarinku, a rubuta amsar. Bayan mako biyu ko uku ka zauna da masu shirya gasar ku duba abin da aka cika da abin da aka bari. Idan za ka ci gaba, ka faɗa musu a wannan zaman domin su sa ka a kasafin baɗi, idan kuma za ka janye, ka sanar da su aƙalla wata shida kafin gasa ta gaba, lokacin da ba a riga an buga riguna da takardun sanarwa ba.