Matakan da Malamin Makarantar Kuɗi Zai Bi Idan An Rufe Makarantu

Lokacin da aka rufe makarantu a Najeriya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malaman makarantun kuɗi da dama sun shafe watanni ba albashi, domin daga kuɗin da iyaye ke biya ake sallamar su. Ga matakan da ya kamata malami ya bi idan haka ta sake faruwa.

Da farko, ka sami mai makarantar ka tambaye shi ko za a biya cikakken albashi, ko rabi, ko kuwa ba za a biya komai ba, sannan ka roƙi amsar a rubuce.

Na biyu, ka ƙirga abin da ke hannunka, ka ware kuɗin abinci da na magani kafin komai. A ganina nan aka fi yin kuskure, domin kuɗin da aka bari a aljihu yakan zagwanye a katin waya da ƙananan hidimomi, alhali da an auno masara da gero da wake na wata biyu, da hankalin gidan ya kwanta.

Na uku, ka sanar da mai gidan haya da uwar adashi halin da kake ciki tun ranar biya ba ta zo ba, ka nemi a ɗaga maka ƙafa.

Na huɗu, idan hukuma ba ta hana taro ba, ka tara yaran unguwa biyar ko shida a zaure kana koya musu lissafi da Turanci, iyayensu suna biyan ka mako-mako. Ka guji bashin manhajojin waya, saboda kuɗin ruwansu yana da nauyi ƙwarai.