Darasi na 9: Man Giya da Zafi a Mota Mai Otomatik

Motar da ke tashi daga tasha da asuba, cike da fasinja da buhuna a but, ta yi Abuja zuwa Jos ta juyo a ranar, ba ɗaya take da motar da ke kai yara makaranta ta dawo ta kwanta a inuwa ba. Wannan darasi na masu irin ta farkon ne, musamman masu Sienna da Camry da Corolla.

Kowane direba ya san baƙin mai, ya san lokacin juye shi. Man giya kuwa ba a tuna shi sai giya ta fara gardama. A jikin galan ɗinsa akwai haruffa uku: ATF. Ka kwafe su a littafinka.

A mota mai giyar hannu, ƙafarka ce ke taka kulochi. A otomatik mai ne ke wannan aiki. Tsakanin inji da giya akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kife, makanikai na ce masa konbata. A cikinsa fanka ɗaya na watsa mai, man na juya fanka ta biyu, sai mota ta tafi. Idan inji na ƙoƙari amma mota ba ta gudu, kamar a cunkoso, ko a hawa da lodi, ko taya ta kafe a rairayi kana ta taka totur, man nan dakuwa yake yi yana ɗaukar zafi. Lafiyarsa tana wajen digiri 80 zuwa 90. Idan ya haura 120 ya fara ƙonewa, ƙonannen mai kuma shi ke cinye farantan cikin giya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke wuce digiri 40, haura wannan iyaka ba wuya.

To ina zafin ke tafiya? Ka leƙa ƙarƙashin bonet, za ka ga siraran bututu biyu sun taso daga giya zuwa lagireto. Mai na shiga ta ɗaya, ya bi wani bututu da ke cikin ruwan lagireton ya huce, ya koma ta ɗayan. Ke nan lagireto bawan iyayengiji biyu ne, inji da giya. In ƙurar hunturu da ƙwari sun toshe fuskarsa, ko fanka ta mutu, giya ma tana dahuwa. Ka riƙa wanke shi da ruwa marar ƙarfi idan ya huce. Ruwan rijiya zalla, in aka zuba shi a cikin lagireto, yana kawo tsatsa, tsatsar na iya huda bututun ciki, ruwa ya gauraya da man giya. A zuba ruwan lagireto mai launi.

Ga wani abu da ke ba ni haushi. Lagireto ya fashe, an sayo na motar giyar hannu, wanda ba shi da wurin ɗaura bututun nan biyu. Sai makanike ya haɗe bakunansu, ya ce, “Maigida, ba komai, haka muke yi.” Akwai komai. Man zai yi ta zagaye ba inda zai huce. Ka ce masa, “Oga, a nemo na otomatik, zan jira.”

Mai motar haya, shawarata ka ƙara ɗan ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban, inda iska ke bugawa. Mai ya fara bi ta babban, ya shiga ƙaramin, sannan ya koma giya. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin giyar Beljiyam ba.

Duba mai kuwa, bayan ka ɗan yi tafiya ake yi, a wuri mai shimfiɗa. Taka birki, ka bi da sandar giya ta kowane harafi, ka tsaya a P, inji na aiki. Zaro sandar awon man giya, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya a tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. A yawancin motocin Honda sai an kashe inji, sannan a auna nan take. Wasu sababbin motoci ba su da sandar awo sam, sai a gareji. Kada a cika ya wuce alama, don zai yi kumfa.

Ɗiga shi a farar takarda. Sabon mai ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. In ya yi kama da shayi mai madara, ruwa ya shiga, kada motar ta ƙara motsi.

Motar wahala, kada ka bar ta ta wuce kilomita 50,000 zuwa 60,000 ba a juye ba. Juyewa ɗaya ba ya fitar da duka, kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabi, sauran na cikin konbata. Kuma ja ba shaida ba ne, man giya iri-iri ne: akwai T-IV, akwai WS, akwai Dexron, akwai DW-1 na Honda, giyar CVT kuma, wato otomatik mai aiki da bel maimakon matakan giya, nata daban. Karanta abin da ke jikin sandar awo ko littafin motar, ka gwada da rubutun galan harafi da harafi.

A hawa irin na Hawan Kibo, in ka ji giya na ta canje-canje, mayar da ita 3 ko 2. A gangara kada ka sa N wai tsimin fetur. In mota ta mutu, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa, domin inji ne ke juya famfon man giya. A ɗora ta a kan babbar mota.

Aikin gida: ka zo aji da farar takarda mai ɗigon man giyarka. A ƙarƙashin ɗigon ka rubuta kwanan wata, da lambar kilomita da ke kan mita, da sunan man da motarka ke sha.